Jiragen da Ruwa Ya Ci ta Taga

A ranar 24 ga Afrilu, 1961, aka ɗago jirgin yaƙin nan mai suna Vasa daga ƙarƙashin ruwan tashar Stockholm, babban birnin Suwidin, bayan ya shafe shekara 333 kwance cikin taɓo. Kafin a ɗago shi, masu nutso sun daɗe suna aiki cikin duhu: sun toshe tagogin da aka yanka masa domin igwa, sun cusa turaku a ramukan ƙusoshin da tsatsa ta cinye, sun gyara bayansa da ya karye. Da aka zuƙe ruwan cikinsa da famfo, sai jirgin ya tsaya bisa ruwa da kansa, aka ja shi zuwa wurin gyara. Gindinsa bai taɓa fashewa ba. Bai yi karo da dutse ba, abokan gaba kuma ba su harbe shi ba. Ruwan da ya nutsar da shi ta tagogin da masassaƙa suka yanka da hannunsu ya shiga, a wurin da kowa ya ɗauka ruwa ba zai kai ba.

Masu iya magana na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka yawancinmu muke kallon nutsewar jirgi: wani abu ya huda shi daga ƙasa, kamar yadda ƙanƙara ta yi wa Titanic a 1912. Amma akwai wani tarihi mai tsawon kusan shekara 500 na jiragen da ruwa ya shiga ta hanyar da aka tanada musu da gangan. Kowane zamani yana da dalilinsa na huda jikin jirgi. An huda domin igwa, an huda domin iska da haske, daga baya aka huda domin motoci. A kowane karo hujjar ɗaya ce: ai ƙofar tana sama da ruwa.

Layin da ba ya tsayawa wuri ɗaya

Jirgi yana nitsewa cikin ruwa har sai ya ture ruwan da nauyinsa ya yi daidai da nasa, sannan ya tsaya. Wurin da fuskar ruwa ta tsaya a jikinsa shi ne layin ruwa. Tazarar da ke tsakanin wannan layi da buɗaɗɗiyar kafa mafi kusa da shi ita ce jarin da jirgi yake da shi a ranar wahala. Matsalar ita ce layin yana motsi. In an ƙara kaya, ya hau. In jirgi ya fita daga ruwan gishiri ya shiga na kogi, ya hau, domin ruwan daɗi bai kai na teku nauyi ba. In igiyar ruwa ta taso, ya hau. Abin da ya fi duka saurin ɗaga shi kuwa shi ne karkata.

A ɗauki jirgi mai faɗin mita 12, da taga a gefensa mita 1 sama da ruwa. Mai kallo daga gaɓa zai ga tazara wadatacciya. Amma daga tsakiyar jirgin zuwa gefensa mita 6 ne, saboda haka karkatar da ba ta wuce digiri 10 ba ta isa ta kai leɓen tagar bakin ruwa. Digiri 10 ba wani abu ba ne ga jirgin da iska ke turawa. Da zarar tagar ta nutse, lissafi ya juya. Kafa mai rabin mita a tsaye da rabin mita a kwance, in ta yi zurfin mita 1 ƙarƙashin ruwa, za ta iya shigar da ruwa kusan tan 40 a minti ɗaya. Ruwan kuma gefen da ya riga ya yi ƙasa yake gangarawa, ya ƙara masa nauyi, tagar ta ƙara nutsewa, ta biye da ita ma ta kai ruwa. Abin da ya fara da ɗigo sai ya ciyar da kansa.

Zamanin igwa

Har zuwa ƙarshen ƙarni na 15, jiragen yaƙin Turai a saman daɓe suke ɗora bindigoginsu, don haka ba sa iya ɗaukar manya, domin nauyi a sama kife jirgi yake yi. A farkon ƙarni na 16 aka samo dabarar yanka tagogi masu murfi a jikin jirgi, a jera manyan igwa a hawan ƙasa. Dabarar ta sauya yaƙin teku baki ɗaya, ta kuma zo da tarkonta. In ana son jirgi ya tsaya daram, dole igwa ta yi ƙasa. In igwa ta yi ƙasa, tagarta ta kusanci ruwa.

Mary Rose, jirgin Sarki Henry na Takwas na Ingila, yana cikin na farko da aka ƙera da irin waɗannan tagogi. An saka shi a ruwa a 1511, ya yi shekara fiye da 30 yana aiki, an kuma sake masa fasali wajen 1536, aka ƙara masa manyan bindigogi. A ranar 19 ga Yuli, 1545, ya fita tarar rundunar Faransa a mashigin Solent, kusa da Portsmouth. Jakadan Daular Roma Mai Tsarki a Ingila, François van der Delft, ya rubuta abin da wani da ya tsira ya faɗa masa: jirgin ya harba igwan gefe ɗaya, yana juyawa domin ya harba na ɗaya gefen, sai iska ta buge shi ya karkata, tagogin ƙasa da aka bari a buɗe suka shiga ruwa. An shimfiɗa raga a saman daɓen domin hana abokan gaba tsallakowa, ragar nan ita ta rufe mutanen ciki. Daga mutum 400 ko fiye, waɗanda suka tsira ba su kai 40 ba. Sarkin yana gaɓa yana kallo.

Bayan shekara 83 aka maimaita abin a Stockholm. Sarki Gustav Adolf yana son jirgin da zai razana Polan, wadda yake yaƙi da ita. Aka ƙera Vasa da hawa biyu na igwa, jimillar igwan tagulla 64, ga ado na sassaƙa tun daga goshi har baya. Jikinsa ya yi tsayi, cikinsa na ƙasa bai yi zurfin da zai ɗauki isassun duwatsun daidaita nauyi ba. In an ƙara duwatsu, tagogin ƙasa za su kusanci ruwa. In ba a ƙara ba, jirgin zai riƙa layi.

Manyan sun san da haka. Kafin tafiyar farko, kyaftin ɗin jirgin, Söfring Hansson, ya sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan a gaban babban hafsan ruwa Klas Fleming. Bayan zuwa uku kacal Fleming ya tsayar da gwajin, domin jirgin yana neman kifewa alhali yana ɗaure a tasha. Sarki yana fagen daga yana aiko da wasiƙun a gaggauta, babu wanda ya ɗauki nauyin cewa a dakata. A ranar 10 ga Agusta, 1628, Vasa ya tashi da tagoginsa a buɗe domin harba igwar ban kwana. Iska ta farko ta karkata shi, ya miƙe. Ta biyu ta kai tagogin ƙasa cikin ruwa. Tafiyarsa duka ba ta wuce mita 1,300 ba, ya nutse a gaban jama'ar gari, mutum kusan 30 suka mutu. An yi bincike, an yi wa hafsoshi da masu ƙira tambayoyi. Babban maƙerin jirgin, Henrik Hybertsson, ya riga ya rasu a 1627, sarki kuma shi ya amince da awon. Ba a hukunta kowa ba.

Na ukun ya fi ban takaici, domin ko motsi jirgin ba ya yi. A ranar 29 ga Agusta, 1782, Royal George, jirgin yaƙin Birtaniya mai igwa 100, yana tsaye a kan anka a Spithead. Ana son gyara wani bututu da ke ƙasa da layin ruwa a gefe ɗaya, sai aka tura igwa zuwa ɗaya gefen domin jirgin ya karkata, wurin gyaran ya fito fili. A daidai lokacin, wani ƙaramin jirgi yana sauke gangunan barasa ta tagogin gefen da ya yi ƙasa. Ruwa ya fara leƙowa. A cewar waɗanda suka tsira, kafintan jirgin ya je wurin hafsan da ke bakin aiki ya roƙi a miƙar da jirgin, aka kore shi. Kafin a ba da umarnin, lokaci ya ƙure. Mutum fiye da 800 suka mutu, ciki har da Admiral Richard Kempenfelt da ɗaruruwan mata da yara da suka zo sallama da mazajensu. Kotun soja ta ɗora laifin a kan ruɓewar katako, ta wanke hafsoshin.

Zanen da aka yi wa jikin jirgi

A ƙarni na 19 haɗarin ya koma jiragen kasuwanci. Kowane taƙi da jirgi ya ƙara nitsewa ƙarin kaya ne, ƙarin kaya kuma ƙarin riba. Wasu masu jirage a Birtaniya sukan cika tsofaffin jirage maƙil, su yi musu inshora mai tsoka, ta yadda ko jirgi ya isa ko ya nutse ba su yi asara ba. Mutane suka riƙa kiran irin waɗannan jirage akwatunan gawa, ma'aikacin da ya sa hannu ya kuma ƙi shiga ana iya ɗaure shi.

Samuel Plimsoll, ɗan majalisa mai wakiltar Derby, garin da ba ya bakin teku, shi ya ɗauki maganar a kansa. Ya wallafa littafi a kan halin ma'aikatan jiragen ruwa a 1873, ya kuma tayar da ƙura a zauren majalisa a 1875 da gwamnati ta nemi jingine ƙudurin. A 1876 aka yi dokar da ta wajabta zana alama a jikin kowane jirgi, da'ira da layi ya ratsa ta, wadda ruwa ba zai wuce ba. Sai dai dokar ta bar wa mai jirgi ya zaɓi inda zai zana ta, ba a karɓe wannan iko daga hannunsa ba sai a 1890. Ƙasashen duniya suka haɗu a kan yarjejeniyar layin lodi a Landan a 1930, aka sabunta ta a 1966.

Wanda ya karanta yarjejeniyar 1966 zai ga cewa babban kasonta a kan ƙofofi yake magana: ƙarfin murfin rumbun kaya, tsayin dokin ƙofa, tsayin bututun iska, irin murfin ƙarfen da za a sa wa ƙananan tagogi, da kafofin da ruwan da ya hau daɓe zai bi ya fita. Masu dokar sun fahimci cewa tazarar da aka auna ba ta da amfani in akwai kafa a buɗe a cikinta.

Iska da haske

Britannic ƙanin Titanic ne, kuma an ƙera shi da darasin yayansa a zuciya. An ninka bangon jikinsa a sashen injina, an ɗaga wasu bangayen da ke raba cikinsa, aka tsara shi ya tsaya ko da ɗakuna 6 na gaba sun cika da ruwa. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke aka mai da shi jirgin asibiti. A safiyar 21 ga Nuwamba, 1916, ya taka nakiya kusa da tsibirin Kea na ƙasar Girka. Ɗakunan gaba suka cika, wasu ƙofofin cikin jirgin suka ƙi rufuwa, amma duk da haka ɓarnar tana bakin abin da aka tsara zai iya ɗauka.

Abin da ba a lissafa ba shi ne ƙananan tagogin hawan ƙasa. Ma'aikatan jinya sun buɗe su da safe domin ɗakunan majinyata su sha iska kafin a ɗauki sojojin da suka ji rauni, ko da yake ƙa'ida ta hana. Da goshin jirgin ya yi ƙasa ya kuma karkata dama, tagogin suka nutse, ruwa ya shiga sassan da ke bayan bangayen da aka dogara da su. Titanic ya yi awa 2 da minti 40 kafin ya nutse. Britannic minti 55 ya yi. Mutum 30 suka mutu cikin fiye da 1,000, kuma ƙarancin adadin ya samu ne domin babu majinyata a ciki, gari ya waye, ruwan ba shi da sanyi sosai, taimako kuma yana kusa. Niyyar waɗanda suka buɗe tagogin kyakkyawa ce. Ruwa dai ba ya tambayar niyya.

Ƙofar da mota ke shiga

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka samu sabon dalilin huda jirgi, kuma wannan karon ƙofar ta kai girman da babbar mota za ta shige. Jirgin fito mai ɗaukar motoci yana da ƙofa a goshi ko a baya, da wani fili guda ɗaya tun daga gaba har baya, babu bangon da ya raba shi, 'yan mitoci kaɗan sama da ruwa. Amfaninsa a fili yake: a sauke, a loda, a juya cikin ɗan lokaci.

Haɗarin wannan fili duk direban tanka ya san shi. Tankar da ta cika maƙil ta fi wadda ke da rabi sauƙin tuƙi, domin ruwan da ke da wurin gudu yakan kwarara gefe ɗaya a kan kwana ya ja motar. Haka wanda ya ɗauki ruwa a faffaɗan faranti ya san ba ɗaya ba ne da ɗaukar sa a kwalba. A filin motoci mai tsawon mita 100 da faɗin mita 20, ruwan da zurfinsa bai wuce santimita 10 ba, wanda da ƙyar zai rufe idon sawu, ya kai tan 200. Da jirgi ya ɗan karkata, tan 200 ɗin nan gaba ɗaya za su ruga gefe guda.

A yammacin 6 ga Maris, 1987, Herald of Free Enterprise ya tashi daga Zeebrugge ta Beljiyam zuwa Dover ta Ingila. Teku a kwance take. Ma'aikacin da aikinsa ne rufe ƙofar goshi yana barci a ɗakinsa, bai ji kiran tashi ba. Hafsan da ya kamata ya tabbatar an rufe ya bar wurin ya tafi ɗakin tuƙi, domin ana matsa wa ma'aikata su tashi a kan lokaci. Kyaftin ba ya iya ganin ƙofar daga inda yake, kuma tsarin kamfanin shi ne in ba wanda ya kawo rahoton matsala, a ɗauka komai daidai yake. Ga shi an cika tankunan gaba da ruwa domin goshin ya yi ƙasa ya dace da gadar lodin tashar, ba a gama zuƙe su ba. Da jirgin ya fita tasha ya ƙara gudu, ruwan da goshinsa ke turawa ya hau ya shiga ƙofar. Cikin kusan daƙiƙa 90 ya kwanta a gefensa bisa wani tudun yashi. Mutum 193 suka mutu.

Binciken da Mai Shari'a Sheen ya jagoranta bai tsaya a kan mai barcin ba. Ya gano cewa jiragen kamfanin Townsend Thoresen sun taɓa tashi da ƙofa a buɗe, kuma tun 1985 wani kyaftin ya nemi a sa fitila a ɗakin tuƙi da za ta nuna ko an rufe ƙofa, manajojin ofis suka mai da buƙatar abin ba'a. Alƙalin ya ce sakaci ya kama kamfanin tun daga sama har ƙasa kamar cuta.

Bayan shekara 7, a daren 28 ga Satumba, 1994, Estonia yana ratsa Tekun Baltik daga Tallinn zuwa Stockholm cikin hadari. A nan an rufe ƙofa. Amma rahoton hukumar bincike na 1997 ya nuna cewa makullan murfin goshin, mai nauyin fiye da tan 50, ba su da ƙarfin jure dukan igiyar ruwa. Suka karye, murfin ya ɓalle ya janyo gadar motoci ta buɗe, kuma daga ɗakin tuƙi ba a ganin wurin. Cikin mutum 989, 852 suka mutu. Yarjejeniyar Stockholm ta 1996 ta wajabta wa irin waɗannan jirage a arewacin Turai su iya tsayawa ko da ruwan da ya kai rabin mita ya hau filin motocinsu.

Afirka ta Yamma ta ga nata a daren 26 ga Satumba, 2002. Le Joola, jirgin gwamnatin Senegal da sojoji ke tafiyar da shi, shi ne hanya mafi sauƙi daga Ziguinchor ta yankin Casamance zuwa Dakar. An tsara shi domin mutum ƙasa da 600, ya ɗauki fiye da ninki uku, da yawansu ɗalibai masu komawa makaranta da mata 'yan kasuwa. Guguwa ta same shi a gaɓar Gambiya, ya kife cikin 'yan mintoci. Masu bincike sun lissafa yawan lodi, da ruwan da ke kai-komo a tankunansa, da ƙananan tagogin da ba a rufe ba. Alƙaluman gwamnati sun ce mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira. Adadin ya zarce na Titanic.

Lissafin bai bambanta ba a kan Kogin Neja ko Binuwai. Kwalekwale ba shi da taga, domin bakinsa gaba ɗaya ƙofa ce. In an loda buhuna da babura da mutane har tazarar da ta rage tsakanin ruwa da bakinsa ta koma taƙi ɗaya, to igiyar ruwa ɗaya, ko fasinjoji su karkata gefe guda domin gudun ruwan sama, ta isa.

Wa ya ce an rufe?

In aka jera waɗannan labarai, abin da ya fi fitowa shi ne a kusan kowanne akwai wanda ya sani. Fleming ya ga Vasa yana layi a tasha. Kafintan Royal George ya ga ruwa yana leƙowa. Kyaftin-kyaftin na Townsend Thoresen sun rubuta takarda. Sanin ya tsaya a hanya, ko domin na sama yana gaggawa, ko domin na ƙasa ba shi da bakin magana. Bangon jirgi aikinsa yake yi dare da rana ba tare da kowa ya tuna da shi ba. Ƙofa kuwa sai wani mutum ya rufe ta, kowace tafiya, ko ya gaji ko bai gaji ba.

Shi ya sa gyaran da ya biyo bayan Zeebrugge bai tsaya a ƙarfe ba. An wajabta fitilun nuni da kyamarori a kan ƙofofin motoci. A 1993 Hukumar Kula da Sufurin Teku ta Duniya ta amince da ƙa'idar da ta ɗora wa kamfani alhakin tsarin tsaron jiragensa, ta kuma wajabta masa naɗa wani mutum a ofis wanda ma'aikatan jirgi za su kai wa ƙorafi, mai hanyar isa ga shugabannin ƙoli kai tsaye. Ƙa'idar ta fara aiki a kan jiragen fasinja a 1998. An kuma juya tsohon tsarin da ke ɗaukar shiru a matsayin lafiya. A jirgin fito da ake tafiyar da shi bisa ƙa'ida a yau, kyaftin ba ya barin tasha sai hafsan da aka ɗora wa aikin ya faɗa da bakinsa cewa an rufe ƙofa an kulle, a kuma rubuta lokacin a littafin jirgi.